Santsi, tuntuɓe da faɗuwa a wurin aiki: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ma'aikata da masu wuraren aiki suke yawan yi akan maganar faɗuwa, tun daga ƴan ofis har masu aikin gini, sito, kicin, asibiti da masana'anta. Wasu amsarsu layi biyu ce, wasu kuma dole sai an ɗan ja.

Wai faɗuwa ma har wani abu ce da za a zauna ana dogon bayani? Ba tashi mutum zai yi ya kakkaɓe jikinsa ba?

Yawancin lokaci haka ake yi ɗin, mutum ya tashi da sauri yana waige-waige ko an ganshi, abokan aiki su ce sannu suna danne dariya, shikenan an wuce wurin. Shi yasa ake raina ta. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, in ka cire haɗarin mota babu wani haɗari da ya kai ta kisa a duniya, sannan wajen faɗuwa miliyan 37 a shekara sai an kai mutum ga likita. Wannan lissafin ya haɗa da na gida da na titi da na wurin aiki duka. In ka koma wurin aiki kaɗai, a Birtaniya inda doka ta tilasta a kai rahoton raunin ma'aikata, hukumarsu mai kula da lafiya da tsaron ma'aikata, wato HSE, na nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na raunukan da ake kai mata santsi ne da tuntuɓe a ƙasa daidai, ba daga sama aka faɗo ba, a tsaye mutum yake a ƙasa ya faɗi. Faɗowa daga sama kuma ita ce kan gaba wajen kashe ma'aikata a can kusan kowace shekara.

Kuma ba sai bene mai hawa goma ba fa. Wanda ya faɗo daga mita 2 kacal, kafin ya taɓa ƙasa gudunsa ya haura kilomita 20 a awa, duk abin kuma bai kai daƙiƙa ɗaya ba, babu lokacin da zai ce bari in kama wani abu.

Santsi da tuntuɓe ba duk abu ɗaya bane?

A'a, kuma maganinsu ma daban. Santsi shine ƙasan takalminka ya rasa abin da zai riƙe, galibi lokacin da diddige ya fara sauka, sai ƙafar ta tafi gaba kai kuma ka tafi baya, shi yasa wanda santsi ya kwasa ƙeya da ƙugu da gadon baya ne ke shan wahala, ko tsintsiyar hannu in ya yi ƙoƙarin dafa ƙasa. Ruwa, mai, giris, ƙura mai laushi, garin siminti, leda, har takarda ɗaya akan tayil tana iya yi.

Tuntuɓe kuwa ƙafar ce ta tsaya jikin ya ci gaba, sai mutum ya kifa ta gaba, gwiwa, fuska, haƙora, kafaɗa. Abin da mutane da yawa basu sani ba shine in muna tafiya ɗan yatsan ƙafa baya tashi daga ƙasa sosai, wajen santimita ɗaya zuwa biyu ne kawai yake wucewa saman ƙasa a tsakiyar taku. Kenan tayil ɗaya da ya ɗan ɗaga baki, ko gefen kafet da ya naɗe, ko waya kwance, sun isa. A ƙa'idar gini ta Amurka bambancin tudu a daɓe in ya wuce kwatan inci, wajen milimita 6 kenan, sai an gangara bakinsa, ka ga ba ƙaramin abu suka ɗauke shi ba.

Amma malam ai tsautsayi ne, kuma tsautsayi baya wuce ranarsa.

Wannan maganar ita aka fi faɗa mini, kuma ba zan yi musu da kowa akan ƙaddara ba. Abin da zan ce shine je ka duba wurin da mutumin ya faɗi. Sai ka tarar famfon nan ya fi wata yana ɗiga, ko na'urar sanyaya ɗaki tana zubar da ruwa a wuri ɗaya kullum an ajiye tsumma, ko kwan fitilar matakala ya mutu tun tuni, kuma in ka tambaya kowa zai ce maka ai ni ma ranar nan saura kaɗan. To abin da kowa ya san da shi, kowa yake tsallake shi safe da yamma, in ya kayar da mutum sakaci ne ya kayar da shi.

Abu na biyu da ake cewa shine bai kula bane. Babu ɗan adam ɗin da zai yi awa takwas yana kallon ƙafarsa, yana ɗauke da kaya, ana kiransa, yana sauri, hankalinsa na kan aikin da aka ɗauke shi dominsa. Duk tsarin da ya dogara akan kowa ya riƙa kula kullum ba tare da mantuwa ba to wata rana zai kayar da wani. A gyara wurin yadda ko wanda hankalinsa ya tafi wani wuri zai wuce lafiya, wannan shine aikin. Kulawar mutum ƙari ce akai.

Mun sayi allon nan mai ruwan ɗorawa na gargaɗi, muna ajiyewa in an yi mofin. Bai isa ba?

Allon baya busar da ruwa. Amfaninsa na ɗan lokaci ne, daga lokacin da aka ga jiƙa zuwa lokacin da aka busar, daga nan a ɗauke shi. Matsalar ita ce a wurare da yawa allon ya zama kamar kayan ado, yana nan a kusurwa ɗaya tun safe har dare ko ƙasa a bushe take, to ido ya saba da shi, ranar da ƙasan ta jiƙe da gaske babu mai ganinsa. Wani lokacin ma shi kansa allon ake tuntuɓe da shi in an ajiye shi a bayan ƙofa ko a kwana. In wuri ya jiƙe sosai a tare hanyar gaba ɗaya a nuna wa mutane wata, ya fi a bar su suna ratsawa ta gefen allo suna ɗingishi.

To yaya ake goge ƙasa ba tare da an mayar da ita tarko ba?

Nan ne ake yawan samun matsala, don abin mamaki shara da goge-goge da ake yi don tsafta suna cikin manyan abubuwan da ke jawo santsi.

Na farko, mofa mai jiƙa ko an matse ta tana barin wani siririn ruwa akan tayil mai sulɓi, wanda ido baya gani sosai amma ya isa ya shiga tsakanin takalmi da ƙasa. Wannan siririn ruwan ya fi kududdufi haɗari don kududdufi kowa na ganinsa ya kauce. Saboda haka bayan mofin ɗin jiƙa a bi da busasshiyar mofa ko tsumma mai tsotse ruwa, ko a hana bi har sai ya bushe ƙarau. In ƙaramin abu ne ya zube, kofin shayi ko ruwa kaɗan, kar a ɗauko bokiti a jiƙa rabin ɗaki, a sa tishu ko busasshen tsumma a tsane wurin kawai, don sau da yawa zubar tafin hannu ɗaya ce mofa ke mayar da ita faɗin tabarma.

Na biyu, maiƙo. A kicin ko gareji ruwa zalla baya cire mai, shimfiɗa shi kawai yake yi ya bar ƙasa tana ƙyalli. Sai da sabulun da ya dace, a auna shi yadda aka rubuta a jikin roba, a zuba a ƙasa a bar shi ya ɗan jima yana narkar da maiƙon, a goga da buroshi, sannan a kwashe ruwan dattin a ɗauraye. Mutane na ganin in an zabga sabulu da yawa tsaftar zata fi fita, alhali ragowar sabulun da ba a ɗauraye ba shi kansa santsi ne da zarar ruwa ya sake taɓa shi. Ga kuma mofar da aka goge kicin da ita a kai ta falo ko hanyar wucewa, an ɗebo maiƙo kenan an raba wa kowa.

Na uku lokaci. A yi mofin lokacin da babu mutane ko suka ragu, in kuma wuri ne da ba a rufewa kamar asibiti, a raba hanya biyu a tsaye, a goge rabi a bar rabi busasshe mutane su bi, in ya bushe a juya. Kuma dan Allah a koya wa masu goge-gogen nan aikin, galibi bokiti da mofa kawai ake miƙa musu ranar farko a ce bismillah, in wani ya faɗi kuma su ake fara kira a yi wa faɗa.

Na ga abu ya zube amma ba ni na zubar ba, kuma ni ba kilina bane.

Wanda ya gani shi ke da alhakin farko. Ba wai lallai kai zaka goge ba, musamman in sinadari ne ko jini ko abin da baka san menene ba, wannan akwai masu kayan aikinsa. Amma kar ka tsallake ka wuce. Ka tsaya a wurin ka aika a kira mai gogewa, ko ka ɗora kujera a kai, ko kwali, wani abu dai da zai sa na bayanka ya kauce. Minti biyu ne.

Tayil ɗin ofishinmu mai ƙyalli ne, sai mun fasa shi mun sake wani?

Ba lallai ba. Tayil mai ƙyalli in yana bushe kuma babu ƙura yawanci baya kayar da mutum, matsalar tana zuwa ne in ruwa ko mai ya hau kai. To tambayar ita ce wannan wurin yana jiƙewa ko baya jiƙewa? Tsakiyar ofis da ruwa baya zuwa a barshi. Amma bakin ƙofar shigowa, banɗaki, kicin, wurin wanke hannu, gaban injin ruwan sha, waɗannan dole zasu jiƙe komai ƙoƙarinku, su ya kamata a sa musu daɓe mai kaushi tun farko.

In zaku sayi sabon tayil ku nemi lambar santsinsa a jikin kwali. Akwai ma'aunin Jamus da ke farawa daga R9 zuwa R13, R9 shine mafi ƙarancin riƙo, R12 da R13 na wurare masu maiƙo sosai ne kamar manyan kicin da mahauta. Ingila kuma suna gwaji da wata na'ura mai lilo da roba a ƙasanta wadda ake sakewa ta shafi daɓen, in maki ya kai 36 ko sama a jiƙe ana ɗaukar haɗarin santsi kaɗan ne. Mai sayarwa ya ce maka wannan baya santsi ba hujja bace, kowane tayil a bushe a shago baya santsi. In kuɗin canzawa babu, akwai tef mai kaushi da ake mannawa, da fenti mai yashi a ciki na daɓen siminti, da tabarmar roba mai ramuka ta kicin.

Lokacin ruwan sama bakin ƙofarmu kullum a jiƙe yake, me za a yi?

Ɗan ƙaramin abin goge ƙafa da ake ajiyewa taku ɗaya ne, baya busar da komai. A sa doguwar shimfiɗa mai tsotse ruwa wadda kowace ƙafa zata taka ta sau da dama kafin ta kai tayil, mai roba a ƙasa don kar ita ma ta zame, in ta jiƙe sharkaf a canza. Kar a shimfiɗa kwali, yana jiƙewa ya yage ya naɗe. A samu wurin ajiye lema a bakin ƙofa, in akwai hali a yi ƴar rumfa a waje.

Takalmi fa? Ni ina da takalmin sefti mai ƙarfe a gaba.

Ƙarfen gaba yatsunka yake karewa daga abin da zai faɗo musu, ba shi da alaƙa da santsi. Juya takalmin ka duba ƙasansa. Abin da ke riƙe mutum a jiƙaƙƙiyar ƙasa shine roba mai ɗan laushi da zane-zanen da ke ba ruwa hanyar fita, kamar dai tayar mota, in ta suɗe ko birki ya yi kyau sai ta ja ka. A takalman da aka yi bisa ma'aunin Turai zaka ga an rubuta SRA, SRB ko SRC, na farko an gwada shi akan tayil da ruwan sabulu, na biyu akan ƙarfe mai gilisarin, SRC ya ci duka biyun, sababbin da aka yi bayan an sauya ma'aunin a 2022 kuma SR kawai ake rubutawa. An yi wani babban gwaji da ma'aikatan lafiya a Ingila inda aka ba wasu takalma masu riƙon ƙasa wasu aka barsu da nasu, santsi ya ragu da wajen kashi 37 cikin ɗari a wurin waɗanda aka ba. Takalmi kaɗai kenan, ba a taɓa daɓen ba.

Sai dai zanen ya dace da wurin. Ƙananan zane masu kyau a kicin in ka shiga laka da su toshewa suke yi su zama sumul, wurin gini sai mai manyan haƙora. A riƙa ƙwaƙule abin da ya maƙale a ciki, in diddigen ya suɗe a canza ko saman yana nan sabo fil. Silifas da duk takalmin da baya kama diddige ba na wurin aiki bane, haka mai tsini a wurin da ake hawa da sauka. Doguwar riga ko wando mai jan ƙasa shima a tattare shi musamman a matakala.

Wayoyi sun yi mana yawa a ƙasa, soket ɗin kuma nesa yake.

A ƙara soket kusa da inda ake buƙata, wannan shine gyaran gaskiya. Kafin nan a bi da wayar ta jikin bango ko ta sama, in dole sai ta ratsa hanya a sa mata murfin roba mai gangare. Kar a tura ta ƙarƙashin kafet, tudun yana nan kuma yanzu ba a ganinsa, ga haɗarin gobara in ta goge. Su durowar da aka bari a buɗe, jaka a gefen tebur, kwalin da aka ce bari in ajiye nan minti ɗaya ya kwana uku, ledar naɗe kaya da igiyar roba a sito, falet ɗin nan na katako da ake jera kaya a kai da aka bari a tsakiyar hanya, duk dangi ɗaya ne. A sito da masana'anta a ja layi da fenti a ce nan hanyar ƙafa ce ba a ajiye komai a kai ko na minti ɗaya, kuma oga ya fara bin dokar da kansa.

Me yasa ake yawan faɗuwa a matakala alhali kullum muna binta?

Saboda ƙafa haddace matakala take yi. Taku biyu uku na farko ƙwaƙwalwa ta auna tsayin, daga nan ta daina dubawa, to in hawa ɗaya ya fi sauran tsayi ko gajarta ko da santimita ɗaya ne nan ƙafa ke kuskure, shi yasa ƙa'idojin gini a Amurka basu yarda bambancin ya wuce wajen milimita 9 da rabi ba a matakala ɗaya. In akwai hawan da kowa ke tuntuɓe a kansa, ɗauko tef ka auna, zaka ga dalili. Wajen sauka ne aka fi jin ciwo, kuma hawan ƙarshe na ƙasa yana yaudara in launinsa ya saje da daɓe, mutum ya zaci ya iso ya taka iska.

Abin da ke taimakawa: bakin kowane hawa ya zama da launi daban kuma da kaushi, haske sosai sama da ƙasa, da abin riƙewa wanda hannu zai iya zagayewa ya damƙe, ba faffaɗan siminti ba. Hannu ɗaya kullum ya zama babu komai a ciki. Kayan da zasu rufe maka ganin ƙafarka a raba su biyu ko a kira wani. Wayar hannu kuma a aljihu har ka sauka, saƙon zai jira.

Abu kaɗan zan ɗauko a saman kanta, in hau kujera mana?

Kar ka hau, balle mai taya ko mai juyawa. Bokiti a kife, durom, kwali, duk ɗaya. Wurin aiki da ke ajiye kaya a sama dole ya ajiye ɗan tsani mai buɗewa a kusa, don in yana can ƙarshen gini a kulle a sito babu mai zuwa ɗauko shi, kujera za a hau. Kayan da ake ɗauka kullum da masu nauyi a sauko da su tsakanin ƙugu da kafaɗa.

Yaya ake kafa tsani daidai?

Tsanin jingina ƙa'idarsa ɗaya cikin huɗu ce, duk mita 4 na tsayi gindin ya nisanci bango da mita 1, wajen digiri 75 kenan. In ya miƙe da yawa zai kifo da kai ta baya, in ya kwanta da yawa gindin zai zame. In zaka hau rufi ko wani dandali da shi, kan tsanin ya wuce wurin sauka da wajen mita 1 don ka samu abin riƙewa lokacin da zaka taka, kuma a ɗaure shi a sama, ɗaurewa ta fi a ce wani ya riƙe maka a ƙasa, don in tsani mai tsawo ya fara tafiya mutum ɗaya ba zai iya tsayar da shi ba. Ƙasa ta zama daidai kuma mai ƙarfi, ba a ɗora ƙafa ɗaya akan bulo ko dutse.

Kana kai kuma gaɓoɓi uku su kasance a jikin tsani koyaushe, ƙafa biyu hannu ɗaya ko hannu biyu ƙafa ɗaya, fuskarka na kallon tsanin hawa da sauka, kayan aiki a jaka ko a jawo su da igiya. Cibiyarka kar ta fita daga tsakanin sandunan gefe biyu, in abin ya yi nisa sauko ka matsar, na san ana jin ƙyuya amma miƙa hannun nan na ƙarshe shine ke kayar da mutane. Ba a tsayawa akan hawa uku na ƙarshe. Kusa da wayar lantarki ba a amfani da tsanin ƙarfe ko alminiyom. Shawarar HSE ita ce tsani na aiki mara nauyi ne wanda ba zai wuce minti 30 ba, in ya wuce haka a kafa sikafol, wato dandalin ƙarfe ko katako da ake tsayawa a kai, ko a kawo injin ɗaga mutum.

Daga wane tsayi ne ake buƙatar kariya, kuma bel ɗin tsaro ya wadatar?

Ya danganta da ƙasa. A Amurka hukumar OSHA mai kula da tsaron ma'aikata ta sa ƙafa 6 a aikin gini, wajen mita 1.8, ƙafa 4 kuma a yawancin sauran masana'antu, kuma shekara da shekaru rashin kariyar faɗowa ita ce laifin da ta fi kama kamfanoni da shi. Birtaniya a dokarsu ta 2005 basu sa wani tsayi ba, duk inda mutum zai iya faɗowa ya ji ciwo to aikin sama ne, ko bakin rami ne a ƙasa. Ni wannan ta fi kwanta mini.

Tsarin da ake bi shine in za a iya yin aikin daga ƙasa a yi, kamar haɗa abu a ƙasa sannan a ɗaga, ko goge gilashi da doguwar sanda. In dole sai an hau, a sa shinge a gefe mai tsayin wajen mita 1 da sanda a tsakiya da katako a ƙasa mai tare kaya, don shinge yana kare kowa ba sai mutum ya tuna komai ba. Duk rami a dandali a rufe shi da abu mai ƙarfi a kafe da ƙusa a rubuta a kai, falanki da aka ɗora kawai wani zai ɗaga ya taka gaba ya faɗa ciki. Bel shine na ƙarshe. Kuma bel ɗin da ake nufi mai kama kafaɗu da cinyoyi ne, ba igiya a ƙugu ba. Sau nawa zaka ga mutum sanye da shi tsaf amma ƙugiyar tana lilo a bayansa bai maƙala ko'ina ba, ko ya maƙala a bututun ruwa? A ƙa'idar OSHA wurin maƙalawa ya iya ɗaukar fam 5,000 ga mutum ɗaya, fiye da tan 2 kenan. A lissafa tazarar ƙasa kuma, igiya mai mita 2 da abin rage girgiza da ke warwarewa da tsawon mutum kansa, in ka haɗa zaka ga ana buƙatar wajen mita 6 a ƙasa, in a hawa ɗaya kake zaka bugi ƙasa kafin igiyar ta riƙe ka. Sannan a shirya yadda za a sauko da wanda ya rataya tun kafin a hau, don ratayuwa a bel tana tara jini a ƙafafu mutum ya suma cikin ɗan lokaci.

Rufi kuma a yi hattara da asbesto, da tsohon kwano mai tsatsa, da farar robar da ake sawa don haske ya shigo, daga sama duk kamar zasu ɗauki mutum suke, basa ɗauka.

Direbobi da masu lodi fa?

Tsalle daga kan babbar mota ko bayan tirela na cikin abin da ke lalata gwiwa da idon sawu a hankali, wata rana kuma a dira akan dutse ko mai. A sauko da baya ana kallon motar ana riƙe da ƙarfe, kamar tsani. A goge laka da dizal daga matakin.

Akwai abin da ke jikin mutum da ke ƙara masa haɗarin faɗuwa?

Akwai. Gajiya da rashin barci, musamman masu aikin dare. Magungunan da ke sa gyangyaɗi kamar wasu na mura da na barci da masu ƙarfi na ciwo, da na hawan jini da ke sa jiri in an miƙe da sauri. Tabarau mai gilashi biyu na karatu da na nesa yana dishe ƙasa in ka kalli matakala ta ɓangaren ƙasansa. Fitowa daga rana zuwa cikin sito mai duhu, ido na buƙatar ɗan lokaci. Ga shekaru, ga juna biyu. Wanda yake jin jiri ya faɗa kafin a tura shi sama, kuma kar a mayar da faɗar tasa abin gori.

Wani ya faɗi a gabana, me zan fara yi?

Kar ka yi saurin ɗaga shi, wannan ne kuskuren da tausayi ke sa mutane. Duba kar kai ma abin ya kwashe ka, sannan ka yi masa magana ka ga ko yana amsawa yana numfashi. In daga sama ya faɗo, ko yana kukan wuya ko baya, ko ya ce baya jin ƙafafunsa ko hannunsa na masa kamar tafiyar kiyashi, a barshi yadda yake a riƙe kansa kar ya motsa a kira motar asibiti, ɗaukarsa hannu da ƙafa na iya taɓa lakar gadon bayansa ya shanye har abada. Sai dai in wurin da yake akwai wuta ko wani abin da zai kashe shi. In ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje bayan faɗuwa a gefe, alamar karayar ƙugu ce, kar a ce ya gwada takawa. Jini a danne shi da tsumma mai tsafta. Kar a bashi ruwa ko abinci ko a ja masa gaɓa wai a gyara.

In kansa ya bugu ko ya tashi garau a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu, amai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa, barci mai nauyi, magana ta karkace, ruwa ko jini ta hanci ko kunne, ko wanne aka gani asibiti kai tsaye. Mai shan maganin tsinka jini ko tsoho a kai shi a duba ko babu alamar komai.

Na zame amma ban faɗi ba, sai na kai rahoto? Kar a ce na cika ƙorafi.

Ka kai. Kai ka tsira don ka samu abin kamawa, na bayanka wataƙila yana ɗauke da tukunyar ruwan zafi ko ya girme ka da shekara talatin. In ana rubuta irin waɗannan a littafi ɗaya, wuri da lokaci da abin da ya jawo, cikin ƴan watanni zaku ga wurare biyu ko uku ne ke ta maimaituwa. Sai dai masu wurin aiki su sani in mutum ya kawo rahoto aka yi masa tsawa, ko aka karɓa ba a gyara komai ba, ba zai sake kawowa ba, littafin zai zauna fari tas ku ɗauka lafiya ce.

Haƙƙin waye gyaran, kuma in oga ya ƙi fa?

Babban nauyin na mai wurin aiki ne, shi ke da daɓen da fitilar da kuɗin gyara, ma'aikaci kuma nasa shine bin tsarin da amfani da kayan kariya da faɗar abin da ya gani. Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 1981 ta ce kayan kariya ba ma'aikaci ne zai biya ba, kuma wanda ya janye daga aiki saboda yana da dalilin ganin akwai haɗari babba na nan take ga ransa ko lafiyarsa bai kamata a hukunta shi ba. A 2022 ƙungiyar ta sa wurin aiki mai aminci cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikata. Yadda ake aiwatarwa kuma dokar kowace ƙasa ce ke faɗa.

A aikace, ka faɗa da baki cikin ladabi, in shiru ka rubuta da kwanan wata da hoton wurin ka ajiye kwafi, kuma ka zo da maganin a hannu, ranka ya daɗe famfon nan roba ɗaya yake buƙata, ya fi ka ce wurin nan duk haɗari ne. Ku je ku biyu ko uku in zai yiwu. In har yanzu ba a motsa ba sai wakilin ƙungiyar ma'aikata ko jami'in sefti in akwai, daga nan ofishin duba ma'aikatu na gwamnati.